Dawar da Ba Ta Wuce Ƙirji Ba

Unguwar Marke,
ta ƙasar Kurfi.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da ɗiyarsa za ta yi nisa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya a gidan Gwaggonki Rabi a Dutsin-Ma, ke da ita da yaranta. Innarki na gaishe ki. Ita ta haɗa maki kuka da daddawa da ƙuli-ƙulin da mai motar kasuwa zai miƙa maki. Karan dawar da za ki gani ɗaure a jikin buhun kuwa, ni na sa shi. Kada Gwaggonki ta hura wuta da shi, ke ma kada ki yar da shi don kunyar mutanen tasha. Ki kai ƙarshen takardar tukuna.

Na so in zo da ƙafata in sa ki mota. To kin san yadda hanya take, ga wake ya bushe, in na ɗaga ƙafa sai in tarar ya farfashe a gona. Ban da haka ma, akwai maganar da bakina ba zai iya yi a gabanki ba. Ta waya kuwa sai mutum ya hau kan juji yana ɗaga murya kafin a ji shi, rabin unguwa na saurare. Shi ya sa na nemo biro, duk da hannuna ya kwana biyu bai riƙe shi ba.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, kin san shi. Abin da ba ki sani ba shi ne kayan da na ɗora maki ba tare da na tambaye ki ba. Kwanan nan magidantan da suka rage a garin nan suka zauna a ƙofar masallaci bayan La'asar, a kan maganar tashi. Gonakin nesa sun gagara, ɓarayin daji sun hana. Gonakin bayan gida kuma mun yi alkawari ba za a sake shuka masu abin da ya wuce ƙirjin mutum ba, don kada a sake laɓewa a ciki a iso mana. Ke nan ba dawa, ba gero, ba masara, sai wake da gyaɗa da riɗi. Wake kuwa ba ya riƙe gida. Sai ka kai shi Kurfi ka sayar, ka auno hatsi, sannan ka yi ta addu'a ka dawo da shi gida ba a tsare ka ba. Rumbunanmu kaji ke kwana a ciki. Mai unguwa ya ce shi ba zai hana kowa tafiya ba, kuma da alama nasa kayan ma a ɗaure suke.

Sai na miƙe na ce a jira. Na ce ɗiyata ta samu tallafin karatu, an ɗauki nauyinta zuwa makarantar koyon aikin gona, za ta nemo mana dawa gajera wadda za ta ba da hatsi ba tare da ta ɓoye mutum ba. Wani daga baya ya ce, "Malam Sada, kai ne yau da bakinka kake kiran gajera?" Ba wanda ya yi dariya. Amma sun yarda za su ƙara gani. Yanzu akwai gidajen da ke zaune a bakin haɗari saboda maganata, ni kuma maganata a kanki ta dogara.

Dole ki san dalilin tambayar mutumin nan. Kin san Baba Isiyaku, ɗan gwaggona, wanda ya kai ki aka rubuta sunanki a wurin masu tallafin. Ke kin san shi tsoho mai noman tumatir a bakin madatsar ruwan Zobe. Ni na san shi saurayi, lokacin da gwamnati ta ɗauke shi ta kai shi irin makarantar da za ki, kyauta. Shi ne na farko a garin nan. Har Kurfi muka raka shi a ƙafa, muna taya shi ɗaukar akwati. Ya dawo kina goye a bayan Innarki, da keke da wata hular rana mai faɗi da 'yan ƙulle-ƙullen iri. Ya roƙi mai unguwa na wancan lokaci fili a bakin hanya, ya yi gonar gwaji. Dawarsa ta fito shar, ta tashi, da ta kai ƙirji sai ta tsaya ta fitar da kai, alhali tamu tana ta miƙewa sama.

Isiyaku taubashina ne. Kin san yadda abin yake, duk abin da na faɗa mashi wasa ne, ba shi da ikon fushi, in ya yi fushi shi za a ba rashin gaskiya. Ni kuma a lokacin ba a kama ni a baki. Ranar kasuwa, mutane sun taru a bakin gonar suna kallo, na jingine kekena na ce, "Isiyaku, wannan dawa ce, ko ciwo ta yi tana ƙarama? Gwamnati ta ciyar da kai shekaru don ka koyo mamu noman wadanni? To da mi za mu yi danga, da takardar shaidarka?"

Aka sheƙe da dariya, har da masu riƙe ciki. Shi ma ya yi dariyar, don ba shi da yadda zai yi. Ya ce, "Sada, bari dai mu kai ga awo." Kafin magariba sunan ya zagaye gari: wadar Isiyaku. Yara suka mai da shi waƙa, suna binsa da ita in ya wuce a keke.

Aka kai ga awon. Tsuntsaye sun yi mata ɓarna, don ita kaɗai ta nuna a duk karkarar, duk jan bakin duniya a kanta ya sauka. Duk da haka abin da ya sussuka bai gaza na gonar da ke kusa da shi ba. Ina wurin, na ɗaga zangarniyar da hannuna na ji nauyinta. Amma na riga na yi suna da wasan, kowa ya gan ni jira yake in ƙara wani, ni kuma daɗin abin nake ji. Da ya kawo irin ƙofar masallaci yana rabawa kyauta, ba wanda ya miƙa hannu, kowa na tsoron a ce mashi mai wada. Ya jure 'yan damuna yana gwadawa shi kaɗai, daga baya ya tattara nasa ya nasa ya bar garin. Ban zage shi ba, ban taɓa gonarsa ba. Da wasa kawai na kashe mashi aiki, ina ganin zumunci nake yi.

Uwani, ke ma za a yi maki. Naki ma zai fi nasa, don ke mace ce, kuma kowa ya san ki tun kina yawo ba ɗankwali. Taubasanki na nan da bakinsu, sun gado ni. In sun fara, kada ki yi fushi, amma kada ki taya su dariya yadda Isiyaku ya yi, don dariyarsa ita ta nuna wa mutane shi ma bai ɗauki abin da gaske ba. Ki tsaya ki amsa tambayar da ke cikin wasan. Ni tambayata, duk da rashin kunyar da na naɗe ta a ciki, tambaya ce ta gaske. Manomin nan ba don tsaba kaɗai yake shuka dawa ba. Da kara muke danga, da shi ake rufi, da shi Innarki ke hura wuta, karmamin kuma shanun huɗa ke ci. Isiyaku bai zo da amsa ba, don a makarantarsu ba wanda ya yi masu tambayar. Ke ki yi wa malamanku ita tun a aji. Ki ce masu ubanki ya ce in kara ya gajarta, me dabba za ta ci da rani, da me za a kewaye gida. In sun yi dariya, ki ƙyale su, ki sake tambaya washegari. Ki kuma tambaye su yadda za a yi gari guda ya shuka lokaci ɗaya, don a raba wa tsuntsaye hankali.

Sai maganar yayanki. Kina makaranta a Dutsin-Ma lokacin, aka je aka ɗauko ki, aka ce maki ƙaddara ce. Ƙaddara ce, ban musa ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ina so ki ji ta bakina yadda aka yi, don ki san abin da za ki nemo ba na ado ba ne.

A daminar da abin ya faru labari ya yi ta zuwa cewa ɓarayin sun canza salo. Ba sa shigowa da ƙarar babura, sai su aje su a rafi, su biyo ta cikin shuka a ƙafa, ba a ankara ba sai sun dafa katanga. Mai unguwa da 'yan sa-kai suka bi gida-gida suna roƙon a sare dawar bayan gida. Mutane suka sare, wasu suna hawaye. Ni kuwa farfarar dawar da na yi a shekarar, tunda nake noma ban taɓa yin irinta ba. Ko mai raƙumi ya shiga ba za a hango shi ba. Ta yi ciki, saura kaɗan ta fitar da kai. Kullum da safe sai na zagaya na tsaya ina kallonta, raina fes.

Yayanki ya same ni ina wasa adda, ya durƙusa ya ce, "Baba, a sare ta. In ya so mu ci wake bana."

Na ce mashi ban haifi wanda zai koya mani noma ba. Na ce a jira ta ƙosa, saura ƙiris. Kin san halinsa. Ya tashi ya tafi ba shanu ruwa.

Da rana tsaka suka zo, tsakanin Azahar da La'asar. Wanda aka ɗora kan tsamiya yana duba hanya bai ga komai ba, kuma ba laifinsa ba ne, ta cikin dawata suka biyo. Yayanki ya shiga figar karmami. Ina alwala na ji harbin, kusa ƙwarai. Suka kora shanun garin suka tafi, ba wanda ya iya leƙowa. Da ƙafa ta ɗauke na faɗa gonar ina nemansa. Uwani, gonar da na gada, wadda na san kowace kunya a cikinta, ranar na ɓata a ciki. Duk inda na juya kara ne ya rufe mani ido. Kin san ɗan fari ne, tunda aka raɗa mashi suna ban taɓa kama shi da bakina ba, sai dai in ce kai, ko in ce yaron nan. Ranar na kira sunan, na yi ta kira har muryata ta dushe. Da na same shi, tsakaninsa da katangar gidanmu bai kai jifa ba. Da dawar nan iya ƙirji take, daga bakin rijiya ma da an hango masu zuwa.

Washegarin jana'iza na ɗauki addar nan na shiga. Mutane suka zo taya ni, na ce kowa ya koma. Ni kaɗai na kwantar da ita kaf, na bar ta nan dabbobi suka cinye. Kara ɗaya na ɗauka na soke a rufin ɗakin Innarki, inda hayaƙi ke hana gara. Shi ne wanda ke hannunki. Ranar da muka yi zaman masallaci na zaro shi, na tsaya na gwada a ƙirjina, na datse.

Ba na neman ki tausaya mani, kuma Innarki ba ta taɓa buɗe baki ta ɗora mani ba, shirun nata ma ya fi mani zafi. Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: wahalar da kika riga kika sha a kan abu, kada ta hana ki sakinsa in ya zama haɗari. Ni huɗa da noma da takin da na zuba nake gani, ban ga mutanen da ke kwana a bayan katangar ba. Kuma in na ƙasa da ke ya gaya maki gaskiya, ki saurara kafin ki tuna shekarunki. Za ki dawo da takarda a hannu, za ki ji kanki ya yi girma, duk wanda ya je ya dawo haka yake ji. Jikar wa ce ke, na san jinin da ke jikinki. Sunan uwata gare ki, taurin kanta ma ba ki bar mata ba.

Bayan abin ya faru muka fara neman gajera ido rufe. Bara muka aika aka sayo iri a kasuwa, mai shagon har rantsuwa ya yi gajera ce. Ta fito rabi iya ƙugu, rabi ta wuce kai, dole muka bi muka sare dogayen, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ba mu san ko ha'intarmu aka yi ba, ko irin ne ya gauraya, kuma ba wanda za mu tambaya. Malaman gona sun daina biyo hanyar nan tuntuni. Ban ga laifinsu ba, su ma suna da 'ya'ya.

Sai na cire kunya na tafi neman Isiyaku. Na same shi wajen Dabawa, a gonar rani, yana jan tiyo cikin tumatir, gemu duk ya yi fari. Ya yi mani ta'aziyya, ya shimfiɗa mani buhu a inuwa. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce ko yana da sauran irin nan. Ya ce, "Na riƙe shi shekara da shekaru, Sada. Duk damina sai in shuka 'yan kunyoyi don kada ya mutu, ina cewa wata rana wani zai tambaya. Da na gaji, na kai shi inji aka niƙa, muka ci tuwo."

Bai faɗa da gori ba, shi ya sa ta shige ni. A nan ne ya ce akwai masu ɗaukar nauyin 'ya'yan manoma su koyi aikin gona, da sharaɗin su dawo su yi wa ƙauyukansu aiki, ya ce a kai sunanki. Kin san me ya fito daga bakina? Na ce ni aikin asibiti nake so ki karanta, noma har sai an je makaranta, kuma mace? Ya aje tiyon ya dube ni, ya ce, "Har yanzu ba ka daina ba?" Rabon da wani ya rufe mani baki haka har na manta. Da kika zo hutu na tuntuɓe ki, ashe ke tuni ranki na can, ni ne kawai ba ki ga fuskar gaya wa ba.

Masu ba da tallafin nan sun ce don a ɗaga karkara suke yi. Allah Ya saka masu. Amma na ga waɗanda aka kai kafin ke daga garuruwan maƙwabta, da yawa a ofis suka ƙare a Katsina, takalminsu bai ƙara taka huɗa ba. Ba na zaginsu, wa ke son dawowa inda ake harbi? Sai dai abin da na fahimta a tsufana shi ne, ilimin nan ba zai biyo hanyarmu da ƙafarsa ba, sai a kan wanda uwarsa ke ƙarshen hanyar. Ɗaukar nauyin karatu mai sauƙi ce a kan dawowa. Ranar da za ki ji ba ki son dawowa tana nan tafe, kada ki ɗauka ke kaɗai ce, ki dai tuna Isiyaku ya dawo mu muka kore shi, wannan karon mu ke roƙo.

In kin isa, kada ki zama 'yar aji kawai. Ki shiga gonar makarantar, ki saba da masu aikin cikinta. Duk dawar da aka ce maki gajera ce, kada ki yarda da baki, mun yarda bara mun gani. Ki jira ta fitar da kai, ki je da karan nan ki tsayar a gefenta. In ta wuce shi, ba tamu ba ce, komai yawan hatsinta. In ba ta wuce ba, ki tambayi ko za ta yi a jigawa irin tamu, ko tana jure ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, da yadda ake aje irinta kada ya gauraya da doguwa. Gero ma haka, in akwai. Kada ki jira sai kin karɓi takardar shaida, don yunwa ba ta san ranar gama makaranta ba. Ko cikin tafin hannu kika samu, ki aiko kafin ruwan shuka, ni zan fara shukawa a bayan gidanmu, a gonar nan dai. Wanda ya ga dama ya kira ni mai wada, zan amsa.

Ki kula da kanki. Tafiya da rana, kuma in direba ya ce zai yanke ta wata hanya don sauri, ki sauka. Kada ki zo gida hutu sai na ce maki hanya ta yi dama-dama, ki tsaya wurin Gwaggonki. Ki riƙe sallarki, ki riƙe mutuncinki, ki ci abinci ko ba daɗi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni sukuni tun ranar zaman masallaci. Da na zauna bayan na gama magana, sai na ji abin da na faɗa ya dawo mani a kunne. A jira. Da bakin nan na faɗa wa yayanki haka, yana durƙushe a gabana. Yanzu ga shi na faɗa wa gari guda, da mata da ƙananan yara.

Saboda haka ki ji da kyau. In kin duba kin tambaya, kika ga abin nan ba zai samu ba, ko ba zai samu da wuri ba, kada ki ji kunyata, kada ki lallashe ni da in sha Allahu nan gaba. Ki kira ni, ko da zan hau juji duk unguwa na ji, ki ce, Baba, babu. Ba zan ce ban haifi mai koya mani ba. Ranar zan miƙe a ƙofar masallaci in ce a tashi, kuma kayan gidanmu za a fara ɗaurewa, in bar kabarin yayanki da gonar ubana. Na fi son a yi mani dariya a tashar Kurfi da buhu a ka, da in sake shiga gona ina kiran sunan wani.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, Ya buɗe maki abin da kika je nema. Allah Ya jiƙan yayanki, Ya yafe mani. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya, Ya sa ki tarar da mu.

Mahaifinki,
Sada.